Tokar da Kawu ya raina

Ranar Juma'ar da ta wuce uwargida ta sa yara suka jawo tsohuwar adakar ƙarfen da ke ƙarƙashin gadona, wai ɓeraye sun mai da ita gida. Cikin tarkacen da aka zazzage har da wani gwangwanin Nescafé da ya yi tsatsa, an naɗe bakinsa da leda an ɗaure da roba. Autana ya ɓalle murfin, ya leƙa, ya ce, "Baba, toka ka ɓoye?" Na ce ya zuba kaɗan a tafin hannu ya murza. Ya murza, ya ɗago kai ya ce, "Wannan ai cizo take yi."

Gaskiyarsa. Tokar murhu idan ka murza ta sai ta bi hannu kamar garin rogo. Wannan kuwa baƙa-baƙa ce, tana da kaushi kamar an daka kwalba a turmi, kuma ko shekara za ta yi cikin ruwa ba za ta narke ba. Tokar dutse mai aman wuta ce, daga kan rufin kwano na kwaso ta, a Batoke, wani ƙauyen bakin teku da ke gaba da Limbe, a kwanakin da suka biyo bayan Babbar Sallar 1999. Ina da shekara 19 a lokacin, kuma tafiyata ta farko ke nan zuwa kudu.

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, fataucin raguna yake yi. Kowace shekara yakan tara su daga kasuwannin da ke kewayen Garwa, a loda a babbar mota zuwa Ngaundare, daga can a shiga jirgin ƙasa a gangara. A wannan shekarar ya ce da Inna ta ba shi ni in riƙa ba dabbobi ruwa da harawa, in kuma ga duniya. Mun sayar da yawancinsu a Duwala, ragowar muka wuce da su Limbe. Can wani mahauci ya ɗauki shida a kan zai biya bayan Sallah, kuma duk wanda ya san Kawu ya san ba zai hau mota ya bar kuɗinsa a baya ba. Shi ya sa muka sauka wurin wani ɗan garinmu da ke gasa tsire a Batoke, da ragowar raguna biyu da ba su samu mai saye ba.

Ni ɗan Garwa, abin da na sani da sunan dutse shi ne tudun Tingilin. Sai ga ni a gindin Dutsen Kamaru, wanda tsawonsa ya haura mita 4,000, ƙafarsa a cikin teku, kansa a cikin girgije. Mutanen wurin, Bakweri, suna da nasu labarin a kansa, suna cewa akwai mai tsaronsa, Efasa Moto, rabinsa mutum rabinsa dutse. Ana gab da Sallah ƙasa ta fara motsi, kwanukan matar mai masaukinmu suka yi ta kaɗawa a kan kanta, muka ji labarin gidaje sun tsage a Buea. Daren Lahadi, 28 ga Maris, dutsen ya buɗe. Muka fito waje muka ga sama ta yi ja ta gefen dutse, ana jin rugugi kamar na hadarin da ya ƙi saukowa.

Hankalin kowa yana kan wutar. Narkakken dutsen ya yi ta gangarowa a hankali, tafiyar hawainiya, yana cin daji da gonakin kwakwar manja, sai a tsakiyar Afrilu ya iso ya datse hanyar Limbe zuwa Idenau kusa da Bakingili, ya tsaya bai kai teku ba. Tudun da ya yi a kan kwalta ya fi gida tsawo. An kwashe mutanen Bakingili zuwa Tiko. Mutane kuwa suka yi ta zuwa kallo daga Duwala da Yawunde, har da masu ɗaukar hoto, mai masaukinmu bai taɓa cinikin tsire irin na waɗannan makonnin ba. Wutar nan da aka yi ta tsoro ba ta ci ran kowa ba. Abin da ya kwantar da mutane a ƙauyukanmu na bakin teku shi ne wanda ba mai zuwa kallonsa.

Da dare tokar ta fara sauka. Muna kwance sai muka ji wani yaf-yaf a kan kwano, kamar ana watsa yashi da hannu. Da gari ya waye komai ya yi baƙi-baƙi: ganyen ayaba, randar ruwa, tabarmar salla, bayan ragunanmu farare. Ga wani wari a iska irin na ashana da aka ƙyasta yanzu-yanzu. Ido ya fara ƙaiƙayi, maƙogwaro ya bushe, idan ka haɗa haƙora sai ka ji ƙasa-ƙasa. Mai masauki ya ce mu zauna a ɗaki mu rufe ƙofa. Kawu ya yi dariya. Ya warware rawaninsa ya ja amawali ya rufe hanci da baki, ya ce, "Kai, ɗan nan, mu da aka haifa cikin hazo? A Garwa sai mu yi kwana bakwai ba mu ga rana ba, jirgin sama ma ya kasa sauka. Wannan 'yar tokar ce za ta zaunar da ni? Ɗauko tsintsiya."

Muka share tsakar gida a bushe, ƙura ta tashi ta turnuƙe mu. Muka karkaɗe raguna. Kawu ya taka da ƙafa har bakin hanya ya hau mota zuwa Limbe neman mahaucinsa, ya dawo da la'asar ba kuɗi, sai tari.

Na manta ban faɗa ba, Kawu yana da fuka, abin da yanzu kowa ke kira asma. Ba ta cika tashi ba, sai dai a tsakiyar hunturu ya yi kwana biyu yana fama, a dafa masa citta da kanumfari a zuba zuma, ta lafa. Shi bai ɗauke ta ciwo ba. A wannan daren kuwa, bayan lisha, na ji wani fito yana fita daga ƙirjinsa kamar ana busa sarewar kara da ta tsage. Ya kasa kwanciya. Ya zauna ya dafa gwiwoyi da hannu biyu, kafaɗu suna hawa suna sauka, jijiyoyin wuya duk sun fito. Iska tana shiga, fitarta ce aiki. Matar mai masauki, don tausayi, ta kawo kasko da garwashi ta zuba wasu saiwoyi ta ce ya shaƙi hayaƙin ƙirji zai buɗe. Allah ya saka mata da niyyarta, amma da na san abin da na sani yau da na yi waje da kaskon nan. Hanyar numfashin da ta riga ta kumbura ta tsuke, ka ƙara mata hayaƙi, ai ka ƙara wa Barno dawaki ne.

Abin da ba zan manta ba shi ne, a cikin wannan halin, Kawu ya yi mini nuni in sauke fitilar ƙwai daga kan taga in ajiye ta a ƙasa. Na ajiye. Ya ce, kalma ɗaya numfashi ɗaya, "Ka sa mata ido. In ta mutu ba iska, ka bar ni, ka hau tudu." Ban gane ba sai da mai masauki ya ce a hankali, "Nyos yake tunawa."

Mu 'yan Kamaru ba sai an yi mana dogon bayanin Nyos ba, amma na lura yaran yanzu sunan kawai suka sani. Tafki ne a cikin tsohon bakin dutse mai aman wuta, a yankin Arewa maso Yamma, wajen Wum. Zurfinsa ya kai mita 200. Iskar kabon da ke tsattsafowa daga ƙarƙashin ƙasa ta yi shekaru tana taruwa a ruwan ƙasan tafkin, kamar gas a kwalbar lemo da ba a buɗe ba. Daren 21 ga Agusta 1986 ta ɓalle gaba ɗaya. Da yake ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, ba ta tashi sama ba, sai ta bi kwari kamar ruwa, ta shiga ƙauyukan Nyos da Cha da Subum mutane suna barci. Mutum sama da 1,700 suka rasu, da dabbobi wajen 3,500. Shekara biyu kafin nan, a Agustan 1984, tafkin Monoun da ke kusa da Fumban ya yi irin wannan ya kashe mutum 37. Kawu ya san Fulanin Mbororo na wajen Wum ta hanyar cinikin shanu, ya kuma ji daga bakin waɗanda suka tsira: fitilu sun mutu da kansu, mutum ya tashi zai duba shanunsa ya faɗi a bakin ƙofa, wani ya farka bayan yini guda ya tarar da gidansa kaf ba mai motsi, gawarwakin shanu a zube ko ƙuda babu a kansu, don ƙudan ma sun mutu. Dabarar fitilar kuwa ba baƙuwa ba ce gare mu. Masu haƙar rijiya a nan arewa sukan zura fitila da igiya kafin mutum ya sauka, in ta mutu ba mai shiga. Iri ɗaya ce iskar, ba ta da launi, ba ta da wari.

Fitilar ba ta mutu ba. Na zauna ina kallonta ina kallon Kawu har aka kira assalatu. Abin da ke shaƙe shi daban ne da na Nyos, sai dai a daren nan ba mai iya bambance mana.

Da safe muka sa shi a mota zuwa wani asibiti a Limbe. Layin ya cika da masu jajayen idanu da yara masu tari, yawancinsu daga ƙauyukan gefenmu. Nan wata wahalar ta taso: mu Hausa da Fulatanci da ɗan guntun Faransanci, su kuma Turanci da Buroka. Mun fi awa biyu a kan benci ana wuce mu kafin wata ma'aikaciya ta ga leɓen Kawu ya fara canja launi ta ja shi ciki da gudu. Aka yi masa allura, aka ba shi ɗan famfon shaƙa mai ruwan bula, Ventoline. Cikin mintoci kaɗan na ga kafaɗunsa sun sauka. Ya juya abin nan a hannu, ya ce, "Wannan ɗan mitsitsin?" Daga ranar har ya koma ga Allah bai rabu da irinsa a aljihun 'yar cikinsa ba.

Bayanin abin da ya faru a ƙirjinsa sai daga baya na tattara shi, wani daga likitan da ya riƙa duba shi a nan Garwa, wani daga ƙanena da ke koyar da kimiyya a makarantar sakandare. Abin da muke kira toka, ba abin da ya ƙone ya bar ta. Dutse ne narkakke da iskar cikinsa ta tarwatsa shi, ya daskare a sama ya zama ɓarɓashin dutse da gilashi masu kaifin baki. Girman ƙwayar shi ne magana. Ana auna ta da maikron, wato ka raba milimita ɗaya gida dubu ka ɗauki ɗaya, kaurin gashin kai wajen 70 ne. Manyan ƙwayoyi gashin hanci da majina suna tare su, su ne ke sa atishawa da ciwon maƙogwaro. Waɗanda ba su kai 10 ba sukan wuce su shiga bututun ƙirji. Waɗanda ba su kai 4 ba kuwa har can ƙuryar huhu suke kaiwa, inda iska ke haɗuwa da jini. Rawani yana tare na farko, na ƙarshen kuwa ta cikin saƙar suke bi kamar sauro ta ragar kamun kifi. Jiƙa ƙyalle da ruwa ma, da aka yi ta ba mu shawara, ba wani abin kirki yake ƙarawa ba. Takunkumin da ke aiki shi ne irin wanda ake rubuta wa N95 ko FFP2, shi ma sai ya kama fuska ba ƙofa a gefe, wanda ga mai gemu irin na Kawu wani aikin ne.

Warin ashanar nan kuma iskar farar wuta ce. Idan ta taɓa damshin ido ko na maƙogwaro sai ta zama ruwan asid mai rauni, shi ne raɗaɗin da muke ji. Mai lafiya zai yi tari ya share hawaye ya wuce, kamar yadda na yi, kwana kaɗan na warware. Mai asma kuwa cikin mintoci bututun numfashinsa ke tsukewa. Takunkumin ƙura, ko mai kyan ne, ba ya tare wannan iskar, sai dai mutum ya shige ɗaki ya toshe kafofi ko ya bar wurin. Mu kuwa me muka yi? Muka fita, muka share a bushe, muka tayar da abin da ya riga ya kwanta muka shaƙe. Da yayyafa ruwa muka yi kafin shara, da rabin wahalar ba ta same mu ba.

Ragunan nan biyu ma sun yi ta tari, suka ƙi cin ciyawar da toka ta rufe, sai da na riƙa wanke musu ita a bokiti. Ashe na yi daidai ban sani ba. Tokar wasu duwatsun tana ɗauke da sinadarin fulorin da ke lalata haƙora da ƙashin dabba. Ƙanena ya ba ni labarin dutsen Laki a ƙasar Aisilan, wanda ya fara aman wuta a 1783 ya yi wata takwas yana yi. Fiye da rabin dabbobin ƙasar suka mutu, yunwa ta biyo baya ta tafi da kusan mutum ɗaya cikin biyar, hazon farar wutar kuma ya ƙetare teku ya rufe Ingila da Faransa, masu aikin gona suna shaƙa suna kwanciya. Namu na 1999 ɗan yaye ne a kan wannan.

Akwai tambayar da na daɗe ina yi wa kaina, domin bayan dawowarmu ƙirjin Kawu bai koma yadda yake ba. Hunturun da a da yake yi masa kwana biyu ya koma yi masa wata biyu. 'Yan uwa suka yanke hukunci cewa dutsen kudu ne ya cinye shi, har Inna ta riƙa cewa da ba a je ba da ba haka ba. Wata rana na tambayi likitan kai tsaye. Ya ce lallai akwai tokar da ke ɗauke da irin sinadarin da ke sa huhun masu fasa dutse da masu haƙar ma'adinai ya ƙandare, an yi ta fargabar haka a tsibirin Montserrat inda dutse ya yi shekaru yana zubar da toka tun daga 1995, amma wannan ciwon na shekara da shekaru ana shaƙa ne, ba na mako biyu ba. Sai ya juya ga Kawu ya ce, "Alhaji, shekara nawa ka yi kana bin garke a kasuwar dabbobi? Shekara nawa kana kwana da garwashi a ɗaki lokacin sanyi?" Kawu ya ce tun yana yaro. Likita ya ce, "To toka ta zo ta tarar da ƙofa a buɗe ne."

Wannan maganar ta zauna mini, don ta juya abin da Kawu ya faɗa a tsakar gidan Batoke. Shi yana ganin hazo ya horar da ƙirjinsa, kamar yadda tafiya ba takalmi ke sa kanta a tafin ƙafa. Huhu kuwa ba ya yin kanta. Hazon nan da muke alfahari mun saba da shi, mafi yawansa daga Bodele yake tasowa, a arewacin Cadi, wani kwari da ya kasance gindin babban tafkin Cadi na dā kafin ya ƙafe. Iska tana matsowa tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi ta kwashi farar ƙurar wurin, wadda yawancinta ɓawon wasu ƙananan halittun ruwa ne da suka mutu tun dubban shekaru. Wurin yana cikin mafi tayar da ƙura a duniya, har Kudancin Amurka ƙurarsa take kaiwa. Laushinta ya sa take rataye a sama kwana da kwanaki, laushin nan kuma shi ke kai ta ƙuryar huhu. Mu muna bakin ƙofarta, daga Disamba zuwa Fabrairu, kowace shekara, ga hayaƙin itace, ga na babura, ga bolar da ake cinna wa wuta da magariba a kowace unguwa. Dutsen Kamaru ya sake yin aman wuta a shekarar 2000, mu kuwa namu ba ya fashin shekara. Har yau in ka sa takunkumi a kasuwa cikin hazo sai wani ya tambaye ka ko korona ta dawo.

Wani abin da ya ba ni mamaki da na girma shi ne ashe mu ma a kan jerin duwatsun nan muke zaune. Layi ɗaya ne ya taso daga tsibiran cikin teku, ya bi ta Dutsen Kamaru, ya haura ta Nyos, ya iso tudun Adamawa. Tafkin Tizon da ke bayan Ngaundare, inda matasa ke zuwa shan iska, tsohon bakin dutse mai aman wuta ne. Tsayayyun duwatsun Rumsiki da Turawa ke zuwa ɗauka a hoto, toshiyar maƙogwaron irin waɗannan duwatsun ce da ta rage bayan ruwa da iska sun cinye jikin. Namu sun daɗe da yin shiru. Nyos kuma tun 2001 aka kafa masa bututu da ke fitar da iskar a hankali, aka ƙara biyu a 2011, Monoun ma an yi masa. Mutanen Goma a Kwango su ne har yanzu suke kwana da ido ɗaya, dutsen Nyiragongo mai aman wuta ya shigar musu gari a 2002, ya sake korar su a watan Mayun 2021.

Kawu ya ƙara shekara tara a duniya, Allah ya jiƙansa ya sa ya huta. Bai sake zuwa kudu ba, ni na ci gaba da kai ragunan na ɗan lokaci kafin in buɗe shago. Kuɗin mahaucin nan kuwa ya karɓe su cif, ranar da aka sallame shi daga asibiti, da famfonsa a hannu ya je ya zauna a bakin teburin mutumin har sai da aka ƙirga masa.

Auta ya ce zai kai gwangwanin makaranta ya nuna wa malaminsu. Na ce ya kai, amma kada ya buɗe a cikin aji, akwai 'yar ajinsu da na san tana da asma. Na zuba masa kaɗan a wata 'yar kwalbar turare da ta ƙare, na toshe bakin da kyandir, ragowar na mayar cikin adaka.